Malaman Taki da Awon Gonaki a Ƙasar Kano

Wanda ya bi hanyar Minjibir da damina ba zai ga daji ba. Gona ke bin gona, kowace da iyakarta ta gamba, ko lalle, ko bini-da-zugu. A ƙasa irin wannan, inda ko kamu ɗaya yana da mai shi, sanin girman gona ba ƙaramin al'amari ba ne.

A zamanin da, ba bisa awo ake biyan kuɗin ƙasa ba. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya sauka Kano cikin 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ke kan kowane maigida. Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, a zamanin Sarki Abbas, sai aka nemi kowa ya biya gwargwadon abin da yake nomawa. Wajen 1909 aka soma auna gonakin da ke kewaye da birni, aka sa malamai waɗanda suka iya lissafi su bi su ɗaya ɗaya. Su ne ake kira malaman taki. Ba takin da jakai ke ɗaukowa daga birni cikin mangala ake nufi ba, takin ƙafa ne, gama ƙafar malam ita ce ma'auninsa. Ya taka tsawo yana ƙidaya, ya taka faɗi, ya buga wannan da wancan, a mai da shi eka, a yanka haraji.

To, lissafin nan daidai yake muddin gona ta tashi sak kamar tabarma. Amma ina aka ga gona haka? Gado ya raba ta, hanya ta ci gefenta, rafi ya lanƙwasa gindinta. Abin da aka rubuta a littafi kirdado ne kurum, watau abin da ya yi kusa da gaskiya.

Wahalar tsohuwa ce. A Masar, a jikin bangon wani ɗakin bauta a garin Edfu, akwai rubutun awon gonaki wanda ya haura shekara 2,000. Dabararsu ita ce a haɗa gefe biyu masu duban juna a raba biyu, a yi wa sauran biyun haka, sa'an nan a buga. Tana da sauƙi ƙwarai, amma tana da wani aibi ɓoyayye: in ta yi kuskure, kullum ƙari take yi, ba ta taɓa ragi.

Ga misali. A ce gonar wani mutum tsawonta taki 100, gefenta taki 60, amma ta karkace, har in an ratsa ta kai tsaye taki 48 ne faɗinta. Mai bin gefe zai rubuta 6,000, alhali kuwa 4,800 ne. An ɗora wa mutumin 1,200 na ƙasar da bai taɓa sa wa fartanya ba, watau in sule huɗu ya kamata ya biya, sai ya biya biyar, bana da baɗi, har ran da aka sake awo. Ga kuma ƙafa ba ɗaya ba ce. Dogon malam ya ƙidaya kaɗan, gajere ya ƙidaya da yawa, takin safe kuma ba ya zama ɗaya da na tsakar rana sa'ad da gajiya ta kama mutum. Wannan kuskure dai da dama-dama, don yau ya faɗa kan manomi, gobe kan Baitulmali.

Daga baya ma'aikatan safiyo suka shigo da sarƙar awo, suka kuma riƙa zana taswirar gonaki. Wani masanin Ingila, Edmund Gunter, shi ya ƙago sarƙar wajen 1620. Tsawonta yadi 22, kuma fili mai sarƙa 10 a tsawo da sarƙa ɗaya a faɗi shi ne eka guda, yadi 4,840 ke nan. Sarƙa ta yi maganin bambancin ƙafa. Saura lanƙwasa.

Maganin lanƙwasa shi ne a yanyanka. A ɗauki fadamar da ke bakin kogin Jakara, wadda gefenta ɗaya ke bin ruwa. Sai a miƙe igiya a gefen tudu, kowane yadi 10 a auna daga igiya zuwa bakin ruwa. A ce an sami 20, da 26, da 30. Tsakanin 20 da 26 ba wanda ya auna, amma sai a ɗauka bakin ruwan ya tafi a miƙe, a ce 23 ne a tsakiya, a buga da 10, ya ba da 230. Yanki na biyu 28 sau 10, watau 280. Jimla 510. An cike abin da ba a auna ba daga abin da aka auna hagu da dama, kuma a nan duk hikimar take. In aka matso da awon, aka yi shi kowane yadi 5, kuskuren ba rabi yake komawa ba, yakan koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Cikin 1743 wani Bature mai suna Thomas Simpson, wanda asalinsa masaƙi ne kamar mutanen Minjibir da yawa, ya buga wata hanya cikin littafinsa, ko da yake waɗansu sun riga shi saninta. Maimakon miƙaƙƙen layi, sai a bi awo uku da layi mai lanƙwasa. A haɗa na fari da na ƙarshe da na tsakiya sau huɗu, a buga da tazara, a raba uku. A fadamar nan 20 da 30 da 104 sun zama 154, sau 10, a raba uku, ya fita 513 da ɗan kai. Da irin wannan yanyankawa injiniyoyi ke lissafin ruwan da madatsa kamar ta Wasai za ta riƙe, sai dai kwamfuta ta kan yanka dubbai inda malam zai yanka goma.

Harajin da ya jawo awon kuwa, Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a Jihar Kano cikin 1979. Awon gona ya koma ga masu rabon gado da masu ciniki, waɗansu da igiya, waɗansu da na'urar da ke karɓar awo daga tauraron ɗan'adam.