Sawakin: Inda Tafiyar Ƙafar Mahajjata Take Ƙarewa

Wanda ya tsaya bisa rairayin gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan, zai hangi kufan Sawakin a kan wani ɗan tsibiri. Da duwatsun murjani aka gina gidajenta. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a nan cikin ƙarni na 14, kuma bayan durƙushewar tashar Aizab sai Sawakin ta zama babbar mashigar Sudan zuwa Jidda. Daular Usmaniyya ta mallake ta a ƙarni na 16.

Ga mahajjatan ƙasar Hausa da Barno, nan ne ƙasa take ƙarewa. Sukan biyo ta Wadai da Darfur da Kordofan, wasu su shafe shekaru a hanya suna noma ko ƙwadago domin tara guzuri. Da yawa ba su kai ga jirgin ba, suka yi zamansu. Zuriyarsu na Sudan har yau.

Da Ingilishi suka buɗe Port Sudan a 1909, fatauci ya ƙaura can. Gine-ginen murjani, waɗanda ba sa jure rashin gyara, suka zube ɗaya bayan ɗaya. Mahajjata kuwa ba su daina zuwa ba, kuma har yanzu jiragen ruwa na tashi daga Sawakin zuwa Jidda.