Daidaita Layin Aiki a Masana'anta: Darasi Daga Injinan Shinkafar Kebbi

Daidaita layin aiki shi ne raba ayyukan masana'anta a tsakanin tashoshinta ta yadda kowace tasha za ta kammala nata a lokaci kusan ɗaya, kada wata ta zauna jira yayin da kaya suka yi wa wata tsibi. Tasha kuwa ita ce wurin da ma'aikaci ko na'ura ke gudanar da mataki guda na aikin.

Tsarin ya shahara ne a 1913, lokacin da Henry Ford ya kafa layi mai tafiya a kamfaninsa da ke Amurka, inda haɗa gangar mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi.

A Jihar Kebbi, misali mafi kusa shi ne injinan sarrafa shinkafa, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, wanda Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe a watan Agusta 2017, da ƙarfin tan 120,000 a shekara a lokacin. Shanshera kan bi matakai a jere: tankaɗe tsakuwa da datti, jiƙawa, turarawa, busarwa, cire ɓuntu, gogewa, tantancewa, sannan zubawa a buhu. Ba a iya sauya jerinsu.

Lissafin yana farawa ne da raba lokacin aiki da adadin da ake so. A ƙaddara ana son buhu 960 cikin awa 8, wato daƙiƙa 28,800: dole buhu ɗaya ya fito duk daƙiƙa 30. Idan ɗinkin buhu yana cin daƙiƙa 40, buhu 720 kaɗai za a samu, komai saurin sauran na'urori. Tashar da ta fi nawa ita ke yanke wa masana'antar gaba ɗaya hukunci. Maganinta shi ne a ƙara mata hannu ko na'ura, ko a rage mata wani aiki a mayar wa tashar da ke da sauƙi. A shinkafar da ake turarawa, jiƙawa da busarwa sukan ɗauki sa'o'i da dama, don haka a nan aka fi samun cikas.

Lamarin bai tsaya a cikin masana'anta ba. Idan layi ya toshe, motocin shanshera sukan yi jerin gwano, sayen shinkafa ya ja baya, manomin Gwadangaji ko Argungu ya sallamar da tasa ga ɗan kasuwa da araha. Adadin da ake ambata a ranar buɗe masana'anta ƙarfinta ne a takarda. Abin da ya kamata ɗan ƙasa ya tambaya shi ne buhu nawa ke fita a rana, kuma wace tasha ce ke riƙe saura.