LAKWAL WILIYAM PONTI: ABIN DA ƊALIBANTA SUKA TUNA DA ABIN DA YA RAGE



A wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu mun ɗauko tarihin wata makarantar kwana da ke can ƙasar Senegal, wato Lakwal Normal Wiliyam Ponti. Wani zai ce mene ne haɗinmu da ita, ga nisa. Haɗin shi ne, duk wanda ya zauna aji a Nijar, in ya bi salsalar mushensa da mushen mushensa, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da ɗan Ponti. Mu malaman firamare na yau jikokinta ne ta wajen sana'a. Sa'an nan yadda ta tashi da yadda ta faɗi akwai abin lura a ciki game da ƴaƴanmu da ke kwana gidajen mutane don neman ilimi.

Mafarinta

A shekarar 1903 Faransawa suka buɗe makarantar horon malamai a birnin Sanluwi na Senegal. A 1913 aka mai da ita tsibirin Gore, wani ɗan tsibiri da ke fuskantar Dakar, wanda tsawonsa bai cika kilomita guda ba. A 1915 Gomna Janar Wiliyam Ponti ya rasu, aka sa mata sunansa. Ta zauna Gore sama da shekara ashirin, sa'an nan wurin ya yi mata kaɗan, aka kwashe ta zuwa Sebikotan, wajen kilomita 40 daga Dakar, kusa da hanyar jirgin ƙasa.

Dalilin kafa ta a fili yake. Nasara na mulkin ƙasa mai faɗi, tun daga bakin teku har Tafkin Cadi, kuma kawo ma'aikaci daga Faransa yana da tsada. Suna bukatar malaman lakwal, da komi masu riƙe takardun biro, da mataimakan lokotoro. Sai suka yi makaranta guda wadda za ta tara yaran da suka fi ƙoƙari daga Senegal, Sudan ta Faransa wadda ta zama Mali, Gine, Kodibuwar, Dahome, Haute-Volta, Moritaniya da Nijar. Da konkur ake shiga, a yi shekara uku. Wanda ya ɗauki sashen likita yana ƙarasawa a makarantar likitoci ta Dakar da aka buɗe a 1918. Wanda ya gama kuma yana ɗauke da alkawarin yi wa gomnati aiki shekara goma, duk inda aka tura shi.

Yadda ƴan Nijar suka kai can

Ƙasarmu ta shiga wannan layi a makare. Sai a 1922 aka mai da Nijar cikakkiyar koloni, a 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Matakan karatu a lokacin su ne lakwal ta ƙauye, sai lakwal rejiyonal a babban gari, sai babbar firamare, sai Ponti. Da farko ba mu da mataki na uku a gida, don haka ake tura yaranmu maƙwabta.

Bubu Hama, wanda aka haifa a Foneko ta ƙasar Tera a 1906, ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya sauka Gore. A 1929 ya komo, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga Ponti. Jori Hamani, haifaffen Sudure a 1916, ta Porto-Nobo a Dahome ya bi. Jibo Bakari, wanda aka haifa a 1922, ya tarar da makarantar ta koma Sebikotan. Namu na ƙasar Hausa, Abdu Mumuni, an haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya zauna Ponti daga 1944 zuwa 1948. Ƴan Nijar ba su taɓa yawa a can ba. Ƴan Senegal su ne suka fi cika azuzuwa, don lakwal ta daɗe da kafuwa a ƙasarsu.

Abin da suka riƙa tunawa

Tsofaffin ɗaliban, waɗanda ake kira Pontin, sun bar labarinsu cikin littattafai da hirarraki, wasu kuma sun ba ɗalibansu da baki. In aka tara labaran, abubuwa kaɗan ne ke ta komowa.

Na farko hanya. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ko sha takwas zai bar gida ya yi makonni bisa hanya. Wasu su gangara Dahome su hau jirgin ruwa a Kwatano, wasu su bi ta Wagadugu da Bamako su kama jirgin ƙasa, wanda tun 1924 ya haɗa Bamako da Dakar. Wanda bai san ruwan da ya fi gulbi ko tabki ba, sai ga shi a tsibiri, teku ta kewaye shi ta ko'ina, ruwa har iyakar gani amma ba ya shayuwa. Uwa kuwa tana gida ba ta iya karanta wasiƙa, sai ta nemi mai karanta mata.

Na biyu tsari. Tashi da kwanciya, cin abinci da wanki, kome da lokacinsa. Tufafi iri ɗaya, ɗakin kwana ɗaya mai jerin gadaje. Wanda ya tashi da tuwon hatsi da fura dole ya saba da shinkafa da kifi. Harshe kuwa Faransanci ne kaɗai. Tun a ƙaramar lakwal sun san sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa. A Ponti ma ba a bukatarsa sosai, don Bahaushe da Bawolofe da ɗan Dahome ba su da harshen da zai haɗa su in ba na Nasara ba.

Na uku, kuma shi suka fi faɗi da daɗin rai, shi ne zumunci. Shekara uku ana ci tare ana kwana tare ta sa yaran ƙasashe dabam-dabam sun san juna kamar ƴan ɗaki ɗaya. Cikin waɗanda suka bi ta makarantar akwai Feliks Ufuwet-Buwanyi na Kodibuwar, Modibo Keita na Mali, Uber Maga na Dahome, Mamadu Ja da Abdullahi Wad na Senegal. Da aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako cikin Oktoban 1946, da yawa daga cikin waɗanda suka taru sun riga sun san juna, ko sun san sunan juna, tun daga Ponti. A gida ma haka: Jori ya zama shugaban ƙasa daga 1960 zuwa 1974, Bubu Hama ya riƙe majalisar dokoki, Jibo Bakari ya jagoranci Sawaba ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Makaranta guda ta fid da su, siyasa ta raba su, kuma ƙasa ta sha wuyar rabuwar.

Na huɗu ɗaci ne. Kome ƙoƙarin ɗan Ponti, takardarsa ba ta kai bakaloriya ba, kuma ba ta buɗe masa ƙofar jami'a a Faransa. Yana fita zai tarar da Bature mai aiki irin nasa yana ɗaukar albashin da ya fi nasa nesa. An ba su ilimi daidai gwargwadon aikin da ake so su yi, aka tsaya nan. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙofar ta fara buɗewa, shi ya sa Abdu Mumuni ya samu wucewa Faransa har ya kai matsayin agreje a ilimin fizik a 1956. Da ya rubuta littafinsa kan ilimi a Afirka a 1964, bai ɓoye laifin lakwal ta mulkin mallaka ba, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi tun 1992.

Kayen hutu

Akwai wani aiki da aka riƙa ɗora wa ɗaliban wanda a lokacin wataƙila sun ɗauke shi wahala kawai. Daga 1933, in ɗalibi zai tafi babban hutu kafin shekararsa ta ƙarshe, ana ba shi batu guda ya bincika a garinsu: abinci, aure, wasannin yara, magungunan gargajiya, kasuwa, bukukuwa, tatsuniyoyi. Zai zauna gaban tsofaffi ya tambaya, ya rubuta da hannu cikin kaye, wani har da zane, ya kawo a duba masa. Nasara na son sanin mutanen da suke mulka ne. Amma ta wannan hanya ɗaruruwan kaye suka taru, cike da bayanin yadda kakanni ke zaune, daga bakin waɗanda suka yi zaman.

Haka kuma wasan kwaikwayo. A zamanin wani malami mai suna Sharl Beyar, ɗaliban kowace ƙasa suna shirya wasa daga tarihi ko al'adar garinsu su nuna a bikin ƙarshen shekara. Bernar Daje na Kodibuwar ya rubuta wasa a nan, kuma a 1937 ƴan wasan Ponti sun je har Pari sun yi wasa lokacin babban baje koli.

Yadda ta canza

Bayan 1946 aka fara buɗe kolej da lise a kowace ƙasa, yaro na iya samun bakaloriya ba tare da ya bi ta Ponti ba. A 1957 Dakar ta samu jami'a. Da aka samu mulkin kai a 1960 kowace ƙasa ta kama horon malamanta a gida. Mu nan muna da lakwal normal irin su Askiya Muhammad a Damagaram, Bawa Jangwarzo a Maraɗi da Kawsen a Tawa. Ponti ta zama makarantar Senegal kaɗai. A 1965 aka ɗauke ta daga Sebikotan zuwa Ces, daga baya sunan ya koma wata makarantar malamai a Kolda. Gine-ginen Sebikotan kuwa, an mai da wani sashe gidan kaso, saura aka bar wa rana da damina. Babban ɗakin taron da ɗalibai ke wasa a ciki ya zama kango, alhali ga sabon birnin Jamnajo ana ta ginawa kusa da shi.

Me ya sa wurin da ya fid da shugabannin ƙasashe ya lalace haka? A ganinmu, don ta kowa ce shi ya sa ta rasa mai ita. Ɗalibanta sun watsu ƙasashe takwas, kowa ya shiga hidimar tasa ƙasar. An yi ta maganar gyara, tsofaffin suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya: Bubu Hama a 1982, Jori a 1989, Abdu Mumuni a 1991, Jibo a 1998.

Kayen nan na hutu kuwa suna nan. An adana su a cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, a 2015 kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin takardun tarihin duniya da ya wajaba a kiyaye. Ginin siminti ya zube, rubutun yara kan ƙauyukansu ya tsira.

Abin da ya shafe mu

Iyayenmu da suka shiga kolej a farkon mulkin kai, lokacin da yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, yawancinsu a anternat suka kwana. Gomnati ke ba da gado da abinci. Da ɗalibai suka yi yawa kuɗi suka yi kaɗan, aka rufe yawancin gidajen kwanan. Kolej ta matso kusa, wannan alheri ne, amma yaron ƙauye ya koma hannun mai masauki. Wani mai masaukin ya riƙe shi kamar ɗansa, Allah ya saka masa. Wani kuma shi kansa abincin gidansa bai ishe shi ba. Yaro ya tafi aji da yunwa, yarinya ta zama mai ɗebo ruwa da talla, kafin shekara biyu an komo da ita gida an ɗaura mata aure. A 2021 gomnati ta sake ɗauko maganar gidajen kwana na ƴan mata, aka gina irin na Kelle a ƙasar Gure, amma ƙauyukan da ke bukata sun fi gidajen yawa ƙwarai.

Don haka muna kawo shawara biyu gaban taron ƙungiya mai zuwa. Ta farko, a kama hayar gida guda a garin da kolej take, a sa dattijuwa amintacciya ta zauna da ƴan matanmu, a nemi wani wurin ga samari. Manoma su ba da tiya-tiya ta hatsi bayan girbi, ƴan ci-rani na Yamai, Kano, Legas da Abijan su ɗauki kuɗin haya. A rubuta sunan wanda ke riƙe da asusu da wanda ke duba gidan, don kada ya zama na kowa ya rasa mai shi.

Ta biyu, a saya wa kowane ɗan kolej kaye guda in babban hutu ya zo. A ba shi batu: wa ya haƙa rijiyar farko, yaya aka yi yunwar 1973 da ta 1984, su wa aka fara kamawa aka kai lakwal kuma ina suka kwana. Ya rubuta da Hausa, da boko ko da ajami. Mu malamai mun ɗauki nauyin dubawa da adanawa, kuma za mu riƙa buga wasu cikin wannan takarda. Dattawa, in yaro ya zo da kaye ya durƙusa gabanku, ku yi haƙuri ku ba shi labari, har da wanda ba shi da daɗin faɗi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.