Tarihin launin da ke kan harshen ƴaƴanmu

Kullum in ɗalibaina sun dawo aji bayan hutun ƙarfe goma, harsunansu nake fara gani: wannan ja, wancan shuɗi, wani ruwan ɗorawa. Aikin ƙanƙarar leda ne da alawar dala biyar da suke saye a bakin ƙofar lakwal, nan Dakoro. Kwanan baya wata uwa ta tambaye ni: "Malam, ko wannan launin ne ke hana ɗana zama wuri ɗaya?" Tambayar ta girme mu duka, shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihinta.

Kakanninmu sun san launi, amma daga tsiro suke samun shi. Sobo da jansa yake zuwa daga gona, gangamau na ba da rawaya, karan dafi na rina fata. A Ingila kuwa, tun farkon shekarun 1850 likita Arthur Hassall ya tona a mujallar Lancet cewa ana rina alawar yara da sinadaran dalma da na jan ƙarfe. Sai a 1860 ƙasar ta kafa dokarta ta farko kan algus a abinci.

Ana cikin haka, a 1856, wani saurayi ɗan shekara 18, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu rini shunayya daga sinadarin kwalta. Rini mai arha ya cika kasuwa, ya tashi daga tufafi ya shiga abinci. Amurka ta yi dokar abinci a 1906, ta amince da launi 7 kacal. Duk da haka, a 1950 yara da yawa sun yi zawo bayan cin alawa mai ɗaya daga cikinsu, Orange 1, aka soke shi a 1956. Kun ga yadda abin yake tafiya: sai yara sun kwanta, sannan hukuma ta farka.

Batun ɗabi'a ya taso ne a 1975, da likita Benjamin Feingold ya fitar da littafi yana cewa launi na cikin abin da ke sa yara rawar kai. An daɗe ana gardama. A 2007 masana na Jami'ar Southampton suka gwada yara kusan 300, ƴan shekara 3 da ƴan shekara 8 zuwa 9. Wani mako a ba su abin sha mai launi haɗe da sinadarin hana lalacewa, wani mako marar su, ba yaro ko uwaye ko malami da ya san wanne ne. Aka ga ƙarin rashin natsuwa, kaɗan ne, kuma ba ga kowane yaro ba. Wannan ya isa Tarayyar Turai ta tilasta, daga 2010, a rubuta gargaɗi a kan abinci mai ɗauke da launi shida: E102, E104, E110, E122, E124 da E129. Kwamitin hukumar abinci ta Amurka ya ce a 2011 hujjar ba ta kai ba. Amma a 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar fitar da launi shida daga abincin makarantun gwamnati.

To, ina mu? Duk dokokin nan sun dogara da rubutun da ke jikin kwali. Ledar da ɗanka ke tsotsa ba ta da rubutu. Mai haɗa ta ma ta sayi garin ne a awo, ba ta san sunansa ba. Mun ga ƙarshen wannan a Kano cikin Maris 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, goma suka rasu, bayan shan lemon haɗi. Hukumar NAFDAC ta ce wani sinadari mai guba aka sayar da sunan ɗan tsami. Ba launi ne ya kashe su ba, amma hanyar ɗaya ce: gari marar suna cikin buhu. Kuma kowa ya san kayan Kano ba sa tsayawa a Jibiya, suna shigowa Maraɗi har su iso mu.

Abin da na faɗa wa uwar nan shi ne kada ta ɗora wa launi laifin komai. Yaron da ya fito bai karya kumallo ba, ko bai yi barci ba, shi ma ba ya natsuwa. Na ce ta hana shi kayan launi mako biyu, ita ta lura a gida, ni in lura a aji.

Sauran aikin na kwamitin kula da makaranta ne. Masu talla a ƙofarmu uwaye ne, ƴaƴansu ma suna cikin ajin. A kira su a zauna, ba don kora ba, a roƙe su su koma ga sobo da tsamiya da kuka da citta, su daina sayen garin da ba shi da suna da ranar lalacewa. Ingila da Amurka sun jira sai da ƴaƴansu suka kwanta. Mu mun riga mun ji labarinsu, ba mu da hujjar jira.