Giwar Ƙarfe da ta Mutu a Bakin Hanya

Mu da muka tashi a Nima da Maamobi, in aka ce 1941, abin da ya fi kusa da mu shi ne Asibitin Soja na 37, wanda Turawan Ingila suka buɗe a shekarar saboda yaƙin Hitila. Kakanninmu da suka sa kaki suna Habasha a lokacin, suna fafatawa da Italiya, tankokin da suka gani kuwa ƙanana ne da matsakaita. Manyan suna can Turai, kuma a wannan shekarar suka sha kunyar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar 22 ga Yuni 1941 Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet. Cikin abin da Mosko ke taƙama da shi har da wata tanka mai suna T-35. Tsawonta ya kusa mita 10, nauyinta ya kai tan 45, tana da kawuna biyar masu juyawa, igwa uku, ga bindigogi masu sarrafa kansu, mutum goma ko sha ɗaya ke aiki a cikinta. Guda 61 kacal aka ƙera a birnin Karkob. A ranakun fareti ita ce amarya a Jan Dandali, har hotonta aka sa a jikin lambar jarumta.

Wajen 48 daga cikinsu suna hannun runduna ta 8 mai motoci, a yammacin Yukren, ƙarƙashin Janar Riyabishef. Da yaƙi ya ɓarke sai umarni ya riƙa cin karo da umarni: yau a ce su nufi nan, gobe a ce su juya. Kafin su shiga daga a yankin Burodi da Dubno ranar 26 ga Yuni, sun ci hanya kusan kilomita 500. Duk wanda ya taɓa zama a garejin fita ya san abin da irin wannan tafiya ke yi wa mota mai kaya fiye da ƙima. Kuloci ya ƙone, giya ta kakkarye, birki ya ƙi. Babu kayan gyara, babu abin da zai ja ƙarfe tan 45, ga abokan gaba a baya. Sai sojoji su cire abin da za su iya, wani lokaci su cinna mata wuta, su kama hanya da ƙafa. Ba a yi sati uku ba kusan duka suka salwanta, kuma 'yan kaɗan ne harsashin Jamus ya kashe. Sauran sun mutu ne a bakin titi, sojojin Jamus suna hawa suna ɗaukar hoto. Ɗaya ma sai da suka kai ta filin gwaji na Kumasdof, kusa da Balin, suka yi mata binciken ƙwaƙwaf.

Kada mai karatu ya ɗauka duk babbar tanka haka take. A Raseiniyai ta Lituweniya, a makon farkon nan, tanka ɗaya ƙirar KV ta tsaya a kan hanyar da ake kai wa wata rundunar Jamus kaya, ta hana wucewa yini guda cur. Ƙananan igwoyinsu ba su huda ta ba, sai da aka jawo igwar harbo jirgi mai milimita 88. Amma ita ma a tsaye ta yi yaƙin, ita kaɗai, ba mai kawo mata ɗauki. Yawancin 'yan'uwanta rashin mai, lalacewa da taɓo suka ci su, waɗansu kuma Jamusawa suka gyara, suka zana musu alamarsu, suka juya bakin igwar gabas.

A ganina laifin ba na matuƙa ba ne. Waɗanda suka auna kaurin sulke da yawan igwa, suka manta da bakanike da motar mai, su ne suka yi asarar. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

T-35 ɗaya ce tak ta asali ta rage a duniya, tana gidan tarihi na Kubinka kusa da Mosko. Abin da ya tsirar da ita shi ne tana can baya ana koyar da ɗalibai da ita, ba a tura ta bakin daga ba.