Daga Bahon Ruwan Zafi Zuwa MRI: Tarihin Gano Cutar MS

Ka taɓa jin an tsoma mara lafiya cikin ruwan zafi don a gano abin da ke damunsa? To, likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna yin haka a ƙarni na 20, kuma cutar da suke nema ita ce MS.

Bari mu faro daga tushe. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wani rufi mai suna mayelin, kamar dai robar jikin wayar lantarki. A cutar MS garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci wannan rufin, sai saƙo ya riƙa jinkiri ko ya katse. Daga nan sai ka ga dishi-dishin ido, tangaɗi, ko sanyin ƙafa da hannu.

A 1868 ne Jean-Martin Charcot, wani likita a asibitin Salpêtrière da ke birnin Faris, ya haɗa waɗannan alamomi da tabon da ya gani a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu. Matsalar ita ce, ta yaya za a ga tabon alhali mutum na raye? A 1890 Wilhelm Uhthoff, likitan ido a Jamus, ya lura cewa ganin wasu marasa lafiyar na raguwa idan sun motsa jiki. Daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi, nan fa gwajin baho ya samo asali. Gwajin kan yi kuskure, wasu ma ya bar su da lahani.

A 1942 Elvin Kabat ya gano ƙaruwar wasu sunadaran garkuwa a ruwan lakar masu cutar. A 1981 kuma, a Landan, na'urar MRI ta nuna tabon ƙarara a ƙwaƙwalwar mai rai.

Magani fa? Sai a 1993 Amurka ta amince da Betaseron, magani na farko da ke rage yawan tashin cutar. Ya yi ƙaranci har sai da aka raba shi ta hanyar ƙuri'a. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magungunan MS guda 3 cikin jerin magunguna masu muhimmanci.

Har yau babu mai warkar da ita gaba ɗaya, amma fara magani da wuri na jinkirta naƙasa. Don haka idan ido ɗaya ya dushe maka na kwanaki, ko da ya washe daga baya, kar ka ce ai ya wuce. Je ka ga likita.