Hurumin kotu a ƙararrakin farar hula a Zariya

Hurumin kotu shi ne ikon da doka ta ba kotu na sauraron ƙara da yanke hukunci a kanta. A ƙararrakin farar hula, wato na aure, gado, bashi, fili da ciniki, mazaunin birnin Zariya ba shi da zaɓin kai ƙara duk kotun da ya ga dama. Abubuwa uku ne ke tantance inda za a shigar da ita: abin da ake jayayya a kai, mutanen da ke jayayyar, da kuma wurin da lamarin ya shafa.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa, shari'a a Zazzau tana hannun alƙali da majalisar sarki, bisa mazhabar Malikiyya. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, an haɗa shi da zauren shari'a. Bayan Turawa sun mamaye Zariya a 1902, sun bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, sannan suka kafa nasu. Dokar 1967 ta mayar da kotunan En'e kotunan yanki a hannun gwamnati, ta kuma kawo ƙarshen kotun sarki. A 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Jihar Kaduna ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya.

Abin da ake jayayya a kai

Kotunan shari'ar Musulunci su ne ke sauraron yawancin ƙararrakin aure, saki, riƙon yara da rabon gado tsakanin Musulmi. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga huruminsu sai da amincewarsa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ikon duba hukunce-hukuncen da suka shafi aure, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado.

Babbar Kotun Jihar Kaduna, wadda take zama a Zariya ma, tana da faffaɗan hurumi a ƙarƙashin sashe na 272. Amma sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya wasu batutuwa, irin su harajin tarayya, kwastan da tafiyar da kamfanoni. Rikicin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kuwa, tun gyaran kundin na 2010, yana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa bisa sashe na 254C. Don haka malamin Jami'ar Ahmadu Bello da ke ƙalubalantar korarsa can zai nufa.

A batun fili, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta keɓe wa Babbar Kotun Jiha duk jayayya a kan filin da ke da takardar mallaka daga gwamna. Ƙananan kotuna suna iya sauraron ta filin da ake riƙe da shi bisa al'ada.

Wurin shigar da ƙara

Ƙa'idojin manyan kotuna sun tanadi cewa ƙarar fili ana shigar da ita inda filin yake. Ta yarjejeniya ana kai ta inda ya kamata a cika alkawarin, ko inda wanda ake ƙara yake zaune. Sauran ƙararraki sukan bi mazaunin wanda ake ƙara, ko wurin sana'arsa, ko inda abin ya faru. Misali, idan magada suna zaune a Kano amma gidan da ake jayayyar mallakarsa yana unguwar Kwarbai, kotun Jihar Kano ba ta da iko a kansa.

Fiƙihun Malikiyya ma ya yi magana a kan wannan. A littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalan Arewa suka daɗe suna dogaro da shi, ra'ayi mafi shahara shi ne a yi shari'a inda wanda ake ƙara yake. Hikimar ita ce kada mai ƙara ya wahalar da mutumin da ba a riga an tabbatar da komai a kansa ba.

Idan wanda ake ƙara yana wata jiha, dokar tarayya ta isar da sammaci ta buƙaci a rubuta hakan a jikin sammacin, a kuma ba shi aƙalla kwana 30 kafin ya bayyana.

Sakamakon kuskure

A shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962, kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar cewa hukuncin kotun da ba ta da hurumi banza ne, komai kyawun yadda aka gudanar da zaman. Amincewar ɓangarorin biyu ba ta ba kotu ikon da kundin tsarin mulki ya hana ta, kuma ana iya tayar da batun a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli. Kuskuren shiyya a cikin jiha ɗaya ya fi sauƙi, domin ana iya mayar da ƙarar inda ta dace. Amma wanda aka rushe shari'arsa bayan shekaru saboda rashin hurumi sai ya faro daga tushe, wani lokaci bayan shaidunsa sun rasu ko sun watse.